Ƙullin Muntari

Abu biyu Malam Falalu ya gada daga mahaifinsa: doguwar ƙafa da riƙon ajiya. A ƙauyensu na bayan Ɗambatta, tsohon nan shi ne wanda kowa ke kai wa abin da yake tsoron kada ya cinye da kansa. Mai damin geron da yake so ya kai bazara, da matar da ta tara kuɗin akuya ba ta so miji ya ji ƙanshinsu, da fatake masu wucewa arewa, duk zaurensa suke nufa. Bai taɓa mayar da mai ajiya da kayansa ba, ko da kuwa ɗakin ya cika. Ka'idarsa a bayyane take: wanda aka ba ajiya ba ya kwance ƙulli, wanda ya bayar kuma ba ya zuwa leƙe. In ka dawo kana tambaya ko kayanka na nan, to ka kira mutum ɓarawo ke nan, sai dai ba ka buɗe baki ba.

Da wannan tarbiyya Falalu ya shigo Kano, ya sami aiki a wani kamfanin jima a Challawa. A hankali ya zama heluma, shi ke kula da leburorin da ke juya kirgi a manyan ganguna. Gidan hayarsa na Ja'en, gefen Sharada, saboda haka kullum sai ya tuƙa baƙin kekensa Rali tun kafin jiniyar safe. Keken nan ya fi ƙafafun mai shi ganin sabulu. Matarsa Hansatu takan ce da keke na cin tuwo, da shi za a fara zuba wa.

A cikin leburorin akwai Muntari, mutumin Damagaram, gajere mai faɗin kafaɗa da yawan dariya. Tunda ɗaya Bakano ne ɗaya Badamagare, ba su da gaisuwar da ta wuce tsiya. Muntari ya ce Bakano kan ƙirga ƙwayar gero kafin ya ba kaza, Falalu ya ce Badamagare bai san ruwa na wanke jiki ba sai da ya zo Kano. Haka suka yi shekaru suna cin abincin rana a kwano ɗaya, a inuwar katangar kamfani, inda warin fata ya ɗan yi sauƙi.

A farkon shekarar 1983 gwamnati ta ba duk baƙon da ba shi da takarda wa'adin barin ƙasa. Muntari bai taɓa ɗaukar kansa baƙo a Kano ba, amma kamfani ya ɗauke shi baƙo, aka sallame shi. Ran da zai tafi ya zo zauren Falalu da hantsi, ya zaro wani ƙulli daga cikin riga, tsohon ƙyallen atamfa shuɗi mai ɗauri biyu.

"Naira ɗari huɗu ce," in ji shi. "Kuɗin shanun huɗa nake tarawa. An ce a kan iyaka ƙwace naira suke yi. Riƙe mini, in ƙura ta lafa zan dawo."

Falalu ya karɓa da hannu biyu. Muntari ya ce, "Na san Bakano da son kuɗi, amma na san ɗan wanda kake." Suka yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba, sannan Falalu ya goya shi a Rali har tasha.

Ƙullin ya shiga akwatin katako a ƙarƙashin gado. Da damina ta kankama, wata safiya Hansatu na shara ta jawo akwatin, sai ga ƙasa ja a gindinsa. Gara ta huda katakon, ta cinye rabin wata tsohuwar hula, ta fara lasar gefen ƙyallen. Kuɗin dai ba ta kai gare su ba, amma ranar Falalu bai iya karin kumallo ba. Ya kai kukansa wurin Alhaji Uba, dillalin da ke kawo wa kamfaninsu fata. Alhaji ya ce yanzu wa ke ajiye kuɗi a ɗaki? Ya kai banki, akwai reshe nan Sharada, shi zai tsaya masa.

A banki aka haɗa shi da wani saurayin akawu mai suna Tijjani, mai farar riga da alƙalami a bayan kunne. Falalu ya ɗora ƙullin a kan kanta ya ce ajiya ya kawo.

"Sai kun kwance mun ƙirga, Malam," in ji Tijjani.

"Ba a kwancewa. Haka za ku sa a ma'ajiyarku, in mai shi ya zo in karɓa."

Tijjani ya danne dariya, ya yi masa bayani cikin ladabi cewa banki ba ya karɓar ƙyalle. Falalu ya daɗe a tsaye. Ya tuna gara, ya tuna tsohonsa, sannan ya yi istigfari ya sa haƙori ya kwance ɗaurin. Ji ya yi kamar ya leƙa ɗakin surukarsa. Ya ninke ƙyallen ya sa a aljihu.

"Asusu iri biyu ne," in ji Tijjani. "Akwai na ɗan littafi, shi ne ya dace da ku. Ba a cajin komai, har ma banki kan ɗora muku wani abu a kai duk shekara."

"Ya ɗora me?"

"Kuɗin ruwa, Malam."

Falalu ya ja da baya kamar an watso masa ruwan jima. Ya kwance ƙullin mutum, sannan kuma ya zuba masa riba a ciki? Da wane ido zai dubi Muntari, da wane ido kuma zai tashi gobe kiyama? Ya tambaya ko babu wanda ba a ɗora komai.

"Akwai mai littafin cak, na 'yan kasuwa. Shi ba ruwa. Amma fa in kuɗin ciki bai kai naira ɗari biyar ba, akwai kuɗin hidima na wata-wata."

"Wannan ai dole ne," in ji Falalu, ransa ya yi fari. "Mai ajiya yana da goronsa. In na zo karɓa zan sallame ku."

Layi ya yi tsawo a bayansa, wani ɗan kwangila na ta buga kanta da makulli. Tijjani ya ɗauka barkwanci ne irin na manya, ya yi murmushi ya miƙo takarda. Falalu ya zana sunansa da bokon da ya koya a ajin yaƙi da jahilci, har yana fito da harshe don ƙoƙari. A saninsa, goron mai ajiya abu ne da kake bayarwa da hannunka, daga aljihunka, ran da ka zo ɗaukar kayanka. Cewa mai ajiya zai zura nasa hannun cikin ƙulli ya ɗiba, wannan ko a mafarki bai taɓa zo masa ba.

Daga ranar bai sake taka ƙofar bankin ba. Kullum ta gabansa yake wucewa, safe da yamma, ya kaɗa ƙararrawar keke ya ɗaga wa mai gadi hannu. Hansatu ta taɓa ce masa, "Malam, ba ka ɗan shiga ka ga lafiyar kuɗin mutane?" Ya dube ta kamar ta yi saɓo. Mutanen da suka gina bene, suka sa ƙarfe a taga, suka ɗauki mai gadi da kulki saboda kayan wasu, su zai je ya tuhuma?

Shekara ta zagayo, sojoji suka karɓi mulki. Wata rana aka wayi gari an rufe iyakokin ƙasa, an kuma ce an sauya launin takardun naira, duk mai tsoho ya kai banki cikin 'yan kwanaki ko ya zama takardar ƙunsa ƙosai. Sharada ta rikice. Mutane suka yi ta suma a layi, masu tukwane a binne suka tono, wasu ba su kai ga kanta ba har wa'adi ya cika. Falalu ya canza 'yan canjin albashinsa ta hannun akawun kamfani, ya wuce layin nan a kan Rali yana jin kansa wani mai hangen nesa. Kuɗin Muntari na ciki, sun sauya riga ba tare da ya yi gumi ba. A lokacin har yafe wa kansa kwance ƙullin ya kusa yi.

Sai da aka shiga 1986 aka buɗe iyaka. Kafin nan abubuwa sun taɓarɓare a Challawa. Sinadarin jima ya daina shigowa, rabin gangunan sun tsaya, ana biyan rabin albashi, wanda bai gamsu ba ga ƙofa. Ana cikin haka wani direban babbar mota da ke lodi a Dakata ya kawo saƙo: Muntari na gaisuwa, yana nan tafe bayan Juma'a.

Falalu ya yi murna har ya rasa inda zai sa kansa. Ya sa rigar sallarsa, ya zaro littafin cak ɗin da ko shafi ɗaya ba a taɓa yaga ba, ya sa naira biyar a aljihu daban, goron banki. Tijjani na nan, ya yi gashin baki, an ba shi tebur da kujera mai juyawa. Ya taimaka masa aka rubuta naira ɗari huɗu, ya shiga ciki. Da ya fito, murmushin ya ragu.

"Malam, kuɗin ba su kai ba. Abin da ke ciki ɗari biyu da arba'in da takwas ne."

Falalu bai ɗaga murya ba, don ba halinsa ba ne. Ya ce, "Wa ya shiga?"

"Ba wanda ya shiga. Kuɗin hidima ne, naira huɗu duk wata, tunda ba su kai ɗari biyar ba. Na faɗa muku tun ran farko."

"Ka faɗa. Na kuma ce in na zo zan sallame ku. Ga shi ma na zo da shi." Ya ciro naira biyar ɗin ya ajiye a kan tebur. Tijjani ya dubi kuɗin, ya dubi mutumin, sai a lokacin ya gane ba barkwanci aka yi masa ba shekara uku da suka wuce. Kunya ta kama shi.

"Ai ba jira ake yi ba, Malam, daga ciki ake cira. Da kun cika ɗari a kai, da ko kwabo ba a taɓa ba. Da ma kun leƙo ko sau ɗaya..."

"In leƙa ku?" in ji Falalu. Da gaske yake tambaya. "Wace hidima kuka yi musu? Ci suke yi, ko sha?"

Tijjani ya shiga wurin manaja ya daɗe, ya fito yana girgiza kai. Ƙa'ida ce, an sa hannu. Maganar ɗarin nan ita ta fi ci wa Falalu rai. A shekarar da ya kawo kuɗin ana biyan albashi cikakke, da ya matse ya cika ta. Ya ce a ba shi abin da ya saura a rufe asusun. Ya ɗauki naira biyar ɗinsa, ya yi wa Tijjani sallama da kyau, don yaron bai yi masa ƙarya ba. A ƙofa mai gadi ya ɗaga masa hannu kamar kullum, shi ma ya ɗaga.

Hansatu ta saurare shi har ƙarshe tana tsince shinkafa. Ta ce, "To ka gaya wa Muntari gaskiya mana. Ai ba kai ka ci ba."

"Ni na kwance."

"Don gara ka kwance."

"Na guje wa ta ƙasa na kai wa ta bene," in ji shi. "Ɗari huɗu ya ba ni, Hansatu. Bai ce in kai ko'ina ba."

Ta ce a sayar da kwallayenta na jere. Ya ce kayan ɗakinta ba su san Muntari ba. Bashi kuwa, a Challawa ta wannan shekara, wa zai ba wani? Alhaji Uba kansa ya koma sayar da buhunan gishiri. Falalu ya zauna a zaure yana kallon Rali a jingine a bango, inda kan hannun keken ya yi wa farar ƙasa wani ɗan rami saboda daɗewa. Tsakanin Ja'en da Challawa tafiya ce mai cin takalmi, kuɗin motar haya kuma zai cinye abin da rabin albashi ya bari. Duk ya san wannan. Ya tashi ya wanke keken, ya shafa wa sarƙa mai, ya tura shi wurin mai gyaran kekuna na bakin titin Sharada. Bai hau ba, turawa ya yi, don kada ya sake shawara a hanya.

Naira ɗari da hamsin da biyar aka saya, bayan ciniki mai zafi. Ya cika ɗari huɗu, ya sayi goro da sauran, ya dawo gida a ƙasa. Ya ɗauko shuɗin ƙyallen nan mai cin gara a gefe, ya jera sababbin takardu, ya yi ɗauri biyu kamar yadda ya same shi.

Muntari ya iso ranar Asabar da la'asar. Ya rame, faɗin kafaɗar nan ya zube, farin da aka yi a arewa ya bar shaidarsa a wuyansa. Amma bakin na nan. Tun daga ƙofa ya ce yana jin warin Bakano, Falalu ya ce a kawo wa baƙo ruwa da yawa, ya shekara uku bai gani ba. Hansatu ta aiko da shinkafa da wake. Suka ci, suka yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu, suka lissafa waɗanda aka sallama daga aiki. Falalu na shirin tashi ya ɗauko ajiya, sai Muntari ya riƙe masa gefen riga.

"Zauna, akwai maganar da ta kawo ni. Ran da muka ji a rediyo an sauya kuɗinku, ga iyaka a rufe, na ce shi ke nan. Na san ka. Ko sama za ta faɗo ba za ka kwance ƙullin nan ba. Na yi baƙin cikina na gama tun a lokacin. Abin da ya dame ni kai ne, na san kana nan kana ɗauke da matattun takardu kana jin nauyina. Na zo in ce maka na yafe. Ka ba yara su yi wasa da su."

Falalu ya miƙe. Ya shiga ciki ya fito da ƙullin, ya miƙa da hannu biyu. Muntari ya karɓa yana murmushin tausayi, ya kwance don ya ga gawar dukiyarsa. Sai ga sababbin takardu. Ya ɗaga takarda ɗaya ya duba ta a hasken ƙofa, ya juya bayanta.

"Ka kwance," in ji shi a hankali.

"Na kwance. Gara ta so ta ci, na kai banki. Ka yafe mini."

"In yafe maka?" Hawaye suka zubo wa Muntari yana dariya. "Kai, Bakano! Ashe banki akwai amana haka? Shekara uku, ko kwabo bai yi ciwon kai ba! Wallahi daga yau ni da banki sai mutuwa. Shanu sai kaka ake samun na kirki, kafin nan can za su koma. Jibi ka goya ni a Rali ka kai ni, a buɗe mini irin naka sak, marar ruwa."

Falalu ya so a rabu a haka, Muntari ya tafi da farin cikinsa, shi kuma ya riƙe sirrin ƙafarsa. Amma in ya yi shiru, da hannunsa zai kai abokinsa inda za a riƙa gutsurar masa naira huɗu duk wata. Ya sunkuyar da kai.

"Kada ka buɗe irin nawa," in ji shi. "Suna cira. Duk wata suna cira, in bai kai ɗari biyar ba."

"Suna cira? To ai ga su cif."

Muntari ya bi zauren da kallo, ya ga ramin nan a jikin farar ƙasa, ya ga ɗigon baƙin mai a ƙasa, ba abin da ke jingine a wurin. Ya dubi ƙafafun Falalu, ya ga ƙurar da ba ta saba hawansu ba. A bayan labule motsin kwanukan Hansatu ya tsaya.

"Nawa suka bari?"

"Muntari, ɗari huɗu ka ba ni."

"Na ce nawa suka bari?"

Daga bayan labule Hansatu ta ce, "Ɗari biyu da arba'in da takwas."

Muntari ya lashi yatsa. Ba a ƙirga ajiya a gaban wanda ya riƙe ta, ya sani sarai, amma ya ce tunda Bakano ya karya tasa ka'idar, shi ma bari ya karya tasa. Ya ware ɗari biyu da arba'in da takwas ya sa a aljihu, ya tura sauran gaban Falalu. Falalu ya turo masa. Ya sake turawa, aka sake turo masa, har da rantsuwa. Muntari ya san in suka kwana a haka ba za a karɓa ba.

Sai ya jawo shuɗin ƙyallen, ya zuba sauran kuɗin a ciki, ya cika da 'yan sulallan da ke aljihunsa, ya yi ɗauri biyu ya ja da haƙori. Ya miƙe tsaye, ya gyara riga, ya yi sallama kamar yanzu ya shigo.

"Malam Falalu, ajiya na kawo. An ce gidanku ba a mayar da mai ajiya. Amma wannan karon ni zan faɗi inda za a sa: ka je ka ajiye mini ita a cikin keken nan, tun mai gyara bai sayar ba. Ban taɓa jin gara ta ci keke ba, ta ƙasa ko ta bene. Ba kuma zan zo leƙe ba."

Falalu ya dubi ƙullin, ya nemi ƙofar da zai fita bai samu ba, don tsohonsa bai bar masa ita ba. Idonsa ya cika. Ya goge tafukansa a jikin riga, ya miƙa hannu biyu.